Kishiyata Mai Ƙafa Huɗu

'Yar'uwa, kin taɓa kishi da mota? Ni na yi. Maigidana ya gaji tsohuwar Peugeot 504, haɗin Kaduna. Duk Asabar yana ƙarƙashinta a ƙofar gidanmu a Doguwa, yana wanke kafireta, yana goge filogi. Kuɗin cefane ya sha tafiya Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara, har na yi yaji.

Daren da naƙuda ta zo mini da gardama, murɗawa ɗaya ta tashi, ta ratsa dajin Falgore da mu har asibitin Tudun Wada. Allah Ya sauke ni lafiya.

Yanzu ni ke riƙe masa tocila, amma da sharaɗi: cefane tukuna, sannan filogi. Uwargida, kafin ki ɗauki mayafi, ki zauna da shi ku yi naku sharaɗin.