Injin Kawuna

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mani rai, yau dai zan amayar da shi.

Kawuna masunci ne a bakin Tafkin Kainji, can wajen Ngaski. Shekara uku yana tara kuɗin kifi kafin ya sayi injin jirginsa. Wani dare aka kwance injin aka tafi da shi. Allah ya tona asirin ɓarawon, aka kama shi a Yelwa, amma tuni ya sayar ya ci kuɗin.

Ni na riƙa raka Kawu kotu. Sau huɗu muna biyan kuɗin mota, sau huɗu ana ɗage zama. Ranar da aka yanke hukunci ko labari ba mu samu ba. A kasuwa muka ji wai an ɗaure yaron.

Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, an ɗaure shi. Ni kuma da me zan ci da iyali?"

Wallahi na rasa amsa. Daga baya ne na gano sashe na 319 na dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya, ta shekarar 2015, ya ba alƙali damar umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta. Tun 1985 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a riƙa sanar da wanda aka zalunta yadda shari'arsa ke tafiya, a kuma maido masa da abinsa. Musulunci kuwa ya riga su, domin shi ya bai wa mai haƙƙi baki a kan diyya ko yafiya.

To amma wanda ake tuhuma na iya ɗaukaka ƙara in an tauye shi. Kawu fa, ina zai kai kuka? Haka iyayen ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, waɗanda wasunsu sai a 2023 suka ga 'ya'yansu: wa za su riƙe?

A ganina ya kamata doka ta wajabta sanar da mai haƙƙi ranar hukunci, ta tilasta a saurare shi kan asararsa, in an ƙi kuma ya sami inda zai ƙalubalanta.

Kawu dai ya koma tuƙi da filafili, ga shekaru. Allah ya bi masa haƙƙinsa, amin.