Takardar Buhun Wake

A Sashen Hausa akwai wani darasi da ɗalibai da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato darasin rubutun aiki, inda ake koyar da tsara wasiƙar ofis, da rahoto, da bayanin taro, da takardar umarni. A ganinsu, wanda ya sha nazarin waƙa da zube ya wuce a zaunar da shi a koya masa rubuta sanarwa. Cikin masu wannan ra'ayi har da wani saurayi mutumin Kanya Babba, ta Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura a Jihar Jigawa, wanda abokansa suka shaide shi da iya sarrafa alƙalami. In ya kama rubutu, ba ya cika layi uku bai jefa karin magana ba.

Aikin farko da malamin ya ba su shi ne kowa ya bayyana, cikin shafi ɗaya, yadda ake yin wani aikin hannu. Saurayin ya cika shafi biyu da rabi, ya ƙawata su iyakar ƙawatawa. Da takardar ta dawo, bai ga maki a kanta ba, sai tambayoyi biyu da jan biro: "Wa zai karanta? In ya gama, me kake so ya tashi ya yi?" Ransa ya ɓaci, amma ya haɗiye.

A makonnin da suka biyo, malamin ya yi ta nanata musu abu uku. Na farko, a san mai karatu kafin a ɗora alƙalami. Na biyu, kowace jimla ta ɗauki aiki guda, kuma ayyukan su zo a jere yadda za a yi su. Na uku, kada marubuci ya yarda da takardarsa sai ya ga wani ya yi aiki da ita ba tare da an sa masa baki ba. Ya kuma tuna musu cewa wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya ke karantawa jama'a na saurare. Haka kuma ƙananan littattafan kiwon lafiya da noma da hukumar NORLA ta fitar a shekarun 1950, an rubuta su ne don waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci. Saurayin ya rubuta duk wannan a littafinsa don jarrabawa, ya ci jarrabawar, ya tafi gida hutu.

Ya isa Kanya Babba da kaka, an gama roron wake. Kawunsa, wanda shi ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsa, ya sami buhu shida. Bara ya ajiye wake don ya jira farashi ya tashi, ƙwari suka mayar da rabinsa gari. Bana kuwa ba ya son ya zuba maganin ƙwari a abin da mutane za su ci, ba ya kuma son ya sayar da kaka, lokacin da wake ba ya da daraja a kasuwa. Saboda haka ya sayo irin buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Hikimarsa ita ce hana iska shiga: ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan abin da ya saura, su daina ci, su mutu. To, daga kuɗin wannan wake ne za a biya wa saurayin rajistar shekara mai zuwa.

Kawu ya ce masa, "Kai da kake karatun Hausa, rubuta mana yadda ake amfani da shi, a liƙa a ƙofar gida, maƙwabta ma su amfana." Saurayin ya ce, "To, Kawu." A daren nan ya rubuta, da safe ya aika Ɓaɓura aka buga masa da kwamfuta. Har ya ɗauko gam zai liƙa, sai magana ta uku ta malamin ta faɗo masa. Ya kira ƙanensa ɗan aji shida na firamare ya ce ya karanta wa Kawu, Kawu kuma ya yi abin da ya ji, shi kuwa ya koma gefe ya kama bakinsa.

Yaron ya karanta, "A tabbata wake ya bushe sosai." Kawu ya ɗago ya ce, "Sosai kamar yaya? Kowa a wurinsa nasa ya bushe." Ba amsa a takardar. Yaron ya ci gaba har ya zo layin ƙarshe, ya karanta da ƙarfi, "Sa'an nan a daure." Kawu ya yi dariya ya ce ai dauriya ita ce sana'ar manomi, ba sai an rubuta masa ba. Ashe mai bugawa ba shi da harafi mai lanƙwasa, ya mayar da ɗaure ya zama daure. Da aka gane abin da ake nufi, sai Kawu ya tattara bakin buhunan nan uku ya ɗaure su da igiya guda. Nan gaban saurayin ya faɗi, don ya san ana ɗaure kowanne ne daban, in ba haka ba iska na iya samun hanya, a wayi gari da bazara a tarar da gari. Kawu bai yi kuskure ba, abin da takarda ta ce shi ya yi.

Saurayin ya karɓi takardar ya sake ta da hannunsa. Ya zubar da gabatarwar da ya yi a kan darajar noma, wadda ta ci rabin shafi. Ya jera ayyukan da lamba. A shanya wake har sai in an ciji ƙwaya ta yi ƙas. A sheƙe shi, a tsince datti. A duba leda biyun, in akwai huda ko ƙanƙanuwa ce kada a yi amfani da ita. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhu, a zuba wake a bar wurin ɗauri. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka. A yi wa buhun waje haka. A ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Kada a buɗe sai ranar da za a yi amfani da shi. Ya bi kowane ɗ da ƙ ya lanƙwasa shi da kyau. Aka sake kiran yaron, aka kira wani maƙwabci da bai ga gwajin farko ba, ya saurara ya ɗaure buhu daidai, bai yi tambaya ko ɗaya ba.

Da ya koma makaranta ya nuna wa malamin takardun biyu. Malamin ya dube su, ya ce ta farkon an rubuta ta ne don a yabi mai ita, ta biyun kuwa don wake ya tsira. Ya ƙara da cewa karin magana na da wurinta, ba wanda ya hana. Amma in abincin mutum ko lafiyarsa ko kuɗinsa ya rataya a kan layi ɗaya, to, kyan layin nan shi ne ya zama ba a iya fahimtarsa ta hanya biyu.

Kawu ya buɗe buhunan farkon damina, ya tarar da waken lafiya lau, ya sayar, aka biya rajista. Takardar tana nan a ƙofar gida, rana ta kusa cinye tawadarta, kuma Kawu ya riga ya aiko a ce wa saurayin in ya zo hutu ya sake wata, da manyan baƙaƙe, saboda tsofaffi.