Garayar Baba

Jama'a, ni ba makaɗi ba ne; daga kasuwa sai masallaci. Amma a ɗakina nan Jiddari Polo akwai garayar Baba, Allah ya jiƙansa: fafaffen icce, fatar gada, tsirkiya biyu. Da ita yake zuga mafarauta.

Bara ɗanshin damina ya tsaga fatar, garaya ta yi shiru. Ɗana ya ce ko jitar Turawa haka take: a 1862 Antonio de Torres na Sifen ya ƙera wata da bayan kwali, don ya nuna daga fuska amo ke fita.

Na zaga Monday Market, ban samu mai gyara ba. Ba kaɗawa zan yi ba, jikoki nake so su ji muryarta. Wanda ya san dattijo mai wannan sana'a, don Allah ya same ni bayan la'asar.