Ranar da hula ta jefa ni Kogin Nilu

Makon jiya ɗan ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya turo bidiyo a WhatsApp ɗin gida. Sun hau dutsen Uludag da ke kusa da Bursa, shi da abokansa, wai za su koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. An ɗaura masa dogayen katakai biyu a ƙafa, an ba shi sanduna biyu. Ko taku biyar bai yi ba ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta nufi yamma, sai ga mutumin naku rigingine. Da dare ya kira ni ya ce, "Baffa, ka san abin da malamin ya fara koya mana? Yadda ake faɗuwa, da yadda ake tashi." Na yi shiru, don na taɓa jin irin wannan magana a Umdurman, a bakin wani tsohon masunci.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kasuwanci a Suƙ Libya, ina tura turaren wuta da humra da dilka Kano. Gidanmu yana Ingaz, kudancin Hartum, inda Hausawa suke da yawa. Kullum sai na tsallaka gadar Farin Nilu, na hangi Mugran, inda kogunan nan biyu suke haɗuwa: ɗaya ya taso daga tafkin Tana na ƙasar Habasha, ɗaya daga wajen tafkin Biktoriya. Sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya su nufi Masar. Duk tsawon shekarun nan daga tagar mota kawai nake kallon ruwan.

Wata Juma'a da sassafe a cikin hunturun 2018 muka je Mawrada sayen kifi, ni da ɗana mai shekara tara. A can nake da wani dattijo da nake sayen bulɗi a wurinsa, wato karfasa. Bahaushe ne haifaffen Mai Wurno, garin da ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa rabi Larabci ce. Yaron ya ƙyalla ido ya ga kwale-kwalensa, irin na katakon bagaruwa da ake sassaƙawa a Abu Rof, ya maƙale sai an shiga da shi. Baba ya ce, "Alhaji, ka iya ruwa?" Na ce, "Haba Baba, ai ni ɗan bakin kogi ne." Kogin kuwa shi ne wani rafi a ƙauyenmu da ke ƙafewa tun kafin a gama girbin dawa.

Muka nufi tsibirin Tuti. Da muka isa inda ruwa ya kwanta, gefen wani yashi, na ce a ba ni in gwada. Nan na fara gane cewa tuƙinsu daban da namu. Mu filafili ɗaya muka sani, kana kallon gabanka. Su biyu ne, dogaye masu nauyi kamar azara, kuma baya kake juya wa inda za ka. Hannuna na dama ya fi ƙarfi, saboda haka jirgin ya kama juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Na ga ƙubbar Mahadi, na ga gonakin Tuti, na sake ganin ƙubbar Mahadi. Baba ya ce, "Sannu a hankali, ya Haj." Na ƙara ƙarfi. Filafili ya nutse da yawa, ƙotarsa ta doke ni a ƙirji. Na ce to bari in rage, sai ya shafi saman ruwa bai kama komai ba, na tafi da baya, ƙafafu sama, kaina cikin kwandon kifi.

Yaron yana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta kama ni, don ban saba a yi mini dariya ba. A shago ni ake tambaya. Ina tashi iskar arewa ta fizge hulata, zanna bukar sabuwa fil. Baba ya ɗaga murya, "Kada ka miƙe!" Ina, na riga na miƙe, na kai hannu. Tsundum!

Sanyin ruwan ya ratsa ni har ƙashi. Jallabiya ta naɗe ni, na sha ruwa, ina kalmar shahada ina bugun ruwa da hannu bibbiyu. Can sama-sama nake jin muryar Baba: "Alhaji, miƙe tsaye! Miƙe tsaye mana!" Na sauke ƙafa. Ashe ruwan iya ƙirjina ne.

Da suka jawo ni ciki sai na ga yaron ya daina dariya, kuka yake yi. Baba bai ce komai ba. Ya ɗan matsa da jirgin kamar taku uku, ya zura doguwar gorarsa a ruwa, ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ce, "Nan ma Nilu ne, can ma Nilu ne. Da ka faɗa mini gaskiya, da abin da zan fara koya maka shi ne yadda ake faɗawa ruwa a kama gefen jirgi, kafin ka taɓa filafili." Maganar ta fi sanyin ruwan shiga jikina. Na yi ƙarya don kada girmana ya zube a gaban ɗana, saura ƙiris in bar shi maraya yana kallo.

Cinikin Alhamis yana aljihuna. Maman yara ta shanya fam-fam ɗin a tsakar gida, ta danne kowace takarda da tsakuwa, tana cewa, "Alhaji, yau kuma wankin kuɗi muka koma?" Waya ta mutu. Hula kam ta yi gaba, wataƙila tana Aswan.

Juma'a mai zuwa na koma, ba hula, ba kuɗi a aljihu. Baba ya sa ni na faɗa ruwa da gangan sau uku a wuri marar zurfi. Sai a Juma'a ta shida na kai jirgin daga Mawrada zuwa gaɓar Tuti ban yi kewaye ba. Muka yi murna da agashe, wanda duk Sudan ta san daga hannun Hausawa ya fito. Yaron kuma na sa aka koya masa iyo.

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Nuwamba muka ji gadar Shambat ta karye. Lambar Baba ba ta shiga har yau. Allah ya sa yana raye, ya kai shi Mai Wurno lafiya.

Yanzu ina Kano, a wata 'yar rumfa a Kantin Kwari, ina koyon harkar yadi a hannun yaron da na girme wa da shekara ashirin. Na san da yawa cikin masu karanta wannan haka suke, wasu a Alƙahira, wasu a Jidda, wasu a Njamena, kowa ya koma ɗan koyo da furfurarsa. Ranar farko yaron ya tambaye ni, "Alhaji, ka san kan shadda?" Har na buɗe baki zan ce haba. Sai na tuna gorar Baba. Na ce, "Ban sani ba, ɗana. Fara mini daga farko."

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mai da kowa gidansa.