Rumfa Bisa Rumfa

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ƙaryata tsoho, daga baya ka gane shi ke da gaskiya, alhali ƙasa ta riga ta rufe idonsa? Ni na taɓa. Gyara zama in ba ka labari.

Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Madarumfa, cikin jihar Maradi. Kakana na wajen uba bafatake ne. Tun yana yaro yake bin ubansa, suna kora jakkai da gujiya da fatu, su bi ta Jibiya da Katsina har Kano, inda jirgin ƙasa ke kwasar kaya.

Kaka yana da wani labari da ba ya gajiya da shi. Ya ce wata shekara bayan girbi suna Kano, sai gari ya ruɗe. Anka ji ƙugi daga gabas. Mutane sunka sheƙa filin sukuwa, shi ma ya bar jakkai ya bi su. Ya ce ya ga jirage uku sun sauko daga sama, kowane da fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an tokare su da sanduna. "Rumfa bisa rumfa," haka yake cewa. Ya ce jikin jirgin itace ne da ƙyalle, matuƙin kuma kansa a waje yake, da manyan idanu na gilashi.

A shekarar 1984 ina da shekara 12. Wani dare ya sake ɗauko labarin gaban baƙi. Ni kuwa na sha ganin jirage suna wucewa bisa garinmu, kowane da fiffike ɗaya dama, ɗaya hagu. Sai na ce: "Kai tsoho, bar zuba! Wa ya taɓa ganin jirgi da rumfa biyu? Kuma na ƙyalle!" Baƙi sunka tuntsire da dariya.

Ka san akwai wasa tsakanin jika da kaka. Na zaci zai rama kamar kullum. Bai rama ba. Ya dube ni, ya ce: "To, Allah shi nuna maka." Daga ran nan ban sake jin labarin a bakinsa ba, har ya rasu a 1991.

Ban yi lakkol ba. Sai a 1996 na shiga ajin yaƙi da jahilci, irin wanda kake ciki yanzu. Can na koyi karatu da rubutu da lissafi. Da na yi ɗiya, na sa su lakkol duka.

Wata rana a 2021, babban ɗana ya zo hutu daga lise. Muna hira na ba shi labarin Kaka, ina dariya. Yaron bai yi dariya ba. Ya ɗauko salularsa ya yi ta latse-latse. Can sai ya miƙo mini, ya ce: "Baba, duba."

Ga hoto nan. Rumfa bisa rumfa, da sandunansu.

Ya karanta mini bayanin. Ran 1 ga watan Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila sunka sauka Kano. Daga Masar sunka taso, sunka bi ta Sudan da Cadi. Sunan irinsu DH.9A. Mutum biyu kowane ke ɗauka. Jikinsu itace ne da ƙyalle. Babu abin da Kaka ya ƙara, ko ɗaya.

Daren nan ban yi barci ba. Wanda zan roƙa gafara ba ya nan. Cikin ɗiyansa saura mutum ɗaya, Gwaggo, ita ma ta tsufa, idonta ya fara hazo. Na ce a raina: tun muna yara muke ƙera mota da jirgi da karan dawa. Yau ga ni kafinta. Zan ƙera jirgin Kaka, ƙarami, amma mai tashi, Gwaggo ta gani da idonta.

Ɗana ya samo zanen jirgin a intanet, munka buga shi bisa takarda a Maradi. A nan lissafin aji ya yi mini rana. Jirgin gaske, daga bakin fiffike zuwa baki metir 14 ne, tsawonsa metir 9 da ɗan ɗori. Munka shirya mu raba kowane awo gida 7. Ka raba 14 gida 7, ka samu metir 2. Shi ne faɗin namu. Tsawonsa ya kama metir 1 da santimetir 30 da ƴan kai. Amma ka lura: in ka raba abu ɗaya gida 7, tilas ka raba kome gida 7, har ƙafafu da sanduna. In ba haka ba, ba jirgin Kaka ka yi ba, wani abu ne daban.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna aiki da wani itace mara nauyi, sunansa balsa. Babu shi a kasuwarmu. Amma balsa dangin rimi ne, rimi kuwa muna da shi. Na yi haƙarƙarin fukafukai da katakon rimi, na fere shi siriri. Inda ba a son nauyi ko kaɗan na sa tukurwa. Na lulluɓe jikin da farin yadi mara kauri, na shafe shi da barnis har ya ɗaure kamar fatar kalangu.

Da na zo haɗa fukafukai, sai na gane dalilin rumfa biyu. Itace da ƙyalle ba su da ƙarfin da za su yi dogon fiffike guda ya tsaya shi kaɗai. Amma in ka jera biyu, ka tokare su da sanduna, ka ɗaure su da waya gicciye, sun zama kamar akwati: ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Aibinsu ɗaya: sanduna da wayoyi suna tare iska, jirgi ba ya gudu sosai. Shi ya sa da anka iya ƙera jirgi da ƙarfe, anka bar wannan tsari. Ni na zo duniya bayan an bar shi, na ɗauka ba a taɓa yin sa ba.

Sanduna 8 na sa tsakanin fukafukai, 4 kowane gefe. Wayar ɗauri kuwa daga wayar birkin keke na warware ta. Wannan aiki ya ci mini sati biyu. Ka ja waya guda ta yi yawa, fiffike ya murɗe. Sai na riƙa ɗaura zare a wutsiya, in kai shi bakin fiffiken dama, in kai shi na hagu. In awon bai zo daidai ba, in kwance in sake.

Abin da hannuna ba ya iya yi, shi munka saya: inji mai aiki da batiri, da farfela, da telekomand mai ƴan sanduna biyu, da ɗan akwatin da ke karɓar umurninta cikin jirgi, da wasu ƙananan injuna da ake kira sarbo. Sarbo shi ke jan leɓɓan jirgi. Leɓɓan bayan fukafukai su ke karkata shi dama ko hagu. Leɓen wutsiya na kwance shi ke ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi. Na tsaye shi ke juya kai. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya kawo mana kayan. Sai da na saida tumaki biyu. Uwargida ta ce: "Malam, tumakin da munka yi shekara muna kiwo za ka jehwa sama?" Na ce ta yi haƙuri, bashi ne nike biya.

Kafin ranar gwaji na je wajen maigari, shi kuma ya haɗa ni da hukuma, munka nuna musu jirgin, munka faɗi wuri da lokaci. Kada ka raina wannan. Da halin tsaro da ake ciki, ba a tada abu sama ba da sanin hukuma ba, balle kusa da filin jirgi ko barikin soja.

Cikin watan Disamba 2022 munka fita wani faƙo bayan gari. Labari ya riga ya bazu. Yara, mata, ƴan kasuwa, kowa ya zo. An ɗauko Gwaggo bisa amalanke. Ɗana ne matuƙi, don ya yi watanni yana koyo da wani wasan tuƙi na cikin salula.

Kafin a tashi, ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin fiffiken sama na dama, ɗaya na hagu, daidai wurin da takarda ta yi alama, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike. Ya ɗaga. Wutsiya ta rinjaya ƙasa. Ya ce a hankali: "Baba, baya ya yi nauyi. Mu bari sai gobe."

Na san dalili. Ni na ƙara katako mai kauri a wutsiya don kada ta karye, na kuma shafa mata fenti sau biyu. Amma na dubi taron jama'a, na dubi Gwaggo cikin sanyi. Na ce: "Kai yaro, ɗan wannan nauyi mi za shi yi? Shekara talatin ina aikin katako. Tada shi!"

Yaro mai ladabi, bai sake magana ba. Jirgi ya ruga bisa faƙo, ya ɗaga. Mutane sunka yi kabbara. Nan take hanci ya miƙe sama kamar doki ya yi tabariya. Ya tsaya cik, ya karkata hagu, ya faɗo. Ko ƙirga goma ba a yi ba. Fukafukan hagu sun karye, farfela ta rabe biyu. Gwaggo tana tambaya: "Ya tashi? Ni ban ga komi ba."

Dariyar da anka yi ran nan, na san ta. Irin wadda baƙi sunka yi wa Kaka ce. Ina yaro na ƙi jin tsoho, na tsufa na ƙi jin yaro. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne. Amma abin da ma'auni ya nuna, furfura ba ta kankare shi.

Da dare na kira ɗana, na ce: "Kai ka ke da gaskiya. Ka yahe mini." Wannan karon na faɗa tun mai ji yana da rai.

Ya zauna ya yi mini bayani. Jirgi kamar sikeli yake. Daga wurin alama zuwa wutsiya ya yi kusan ninki uku na daga alama zuwa hanci. Saboda haka giram 100 a wutsiya sai an sa wajen giram 300 a hanci kafin su daidaita. In hanci ya ɗan fi nauyi, jirgi zai tashi, sai dai ya riƙa neman ƙasa. In wutsiya ta fi nauyi, ba ya jin umurnin kowa.

Wata biyu munka yi muna gyara. Na sake wutsiya da tukurwa. Munka matsa da batiri gaba, munka ƙara ƴan kusoshi a hanci. Sannan na ɗauki alli na rubuta dokoki biyar a ƙofar shagona:

1. A auna fukafukai da zare.
2. A ɗaga jirgi bisa yatsu. Hanci ya ɗan sunkuya, kada wutsiya ta rinjaya.
3. A tsaya bayan jirgi a gwada leɓɓa. In an tura sanda dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga. In an jawo ta baya, leɓen wutsiya ya ɗaga.
4. A kunna telekomand kafin a haɗa batiri. A yi nisa da ita, a ga ko jirgi yana amsawa. Hannu ya nisanci farfela.
5. Batiri ya zauna a inuwa. Irin wannan batiri in ya sha rana ko ya huje, yana kama wuta.

Cikin watan Fabrairu 2023 munka koma faƙon, bayan sallar asuba, kafin iska ta taso. Ba mu gaya wa kowa ba, sai maigari da hukuma. Daga ni, sai ɗana, sai uwargida, sai Gwaggo. Munka bi dokokin nan ɗaya bayan ɗaya. Munka juya hancin jirgi ya fuskanci ƴar iskar da ke akwai, don jirgi da iska a gaba yake tashi, kamar yadda shamuwa ke yi.

Ya ruga, wutsiya ta ɗaga, ƙafafu sunka bar ƙasa. Ya hau sannu-sannu. Ya kewaya bisa gonaki sau uku. Na ce wa ɗana ya sauko da shi ƙasa-ƙasa, ya bi ta gabas, inda gari ya fara haske. Da ya gitta tsakaninmu da hasken, Gwaggo ta sa hannu a goshi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce:

"Rumfa bisa rumfa. Haka Baba ya hwaɗi."

Uwargida ta rangaɗa guɗa, ta manta da tumaki. Ni kuwa ban iya cewa kome ba. Da hantsi na tafi kushewar Kaka na yi masa addu'a.

Jirgin yana rataye a shagona. Yara suna zuwa kallo, ni kuma ba na barin su tafi sai na ba su labarin 1925, yadda Kaka ya ba da shi.

Ɗan'uwa, in akwai tsoho a gidanku mai labarin da kunka gaji da ji, kada ka yi masa dariya. Yanzu ka iya rubutu. Ɗauki alƙalami ka rubuta abin da ya ce, tun yana nan.

Tambayoyi

1. Mi ya sa Kaka ya daina ba da labarinsa?
2. Don mi jiragen farko ke da fukafukai hawa biyu?
3. Mi ya kada jirgin a gwajin farko? Laifin wa ne?
4. In faɗin jirgi metir 14 ne, anka raba shi gida 4, metir nawa za a samu?