Farfelar Ranar Kasuwa

Wannan makon bakin ruwa zan kai ku.

Hirar direbobin jirgi a tashar Yawuri ba ta wuce doki: wane nasa mai doki 15 ne, wane ya sayo Yamaha mai doki 40. Da wuya ka ji ana zancen farfela, alhali duk ƙarfin injin ta hannunta yake isa ruwa.

A jikin farfela ana buga lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13. Na farko faɗin da'irar da fukafukanta ke zagayawa ne, da inci. Na biyu nisan da za ta ci gaba ne a juyi ɗaya, da a ce ruwa na da tauri kamar katako. Da Turanci muka koyi sunansa a foliteknik, amma ni "taku" nake ce masa, kuma duk direban da na faɗa wa haka ya gane nan take. Injin jirgi ba shi da giya ɗaya zuwa biyar irin na mota. Gaba ne da baya da firi. Don haka farfelar da ka ɗaura ita ce giyarka har ka je ka dawo.

Samari sun fi son mai dogon taku, domin jirgi ba kaya yakan yi gudu da ita, a kalle su daga gaɓa. Kawuna, wanda ke jigilar albasa da shinkafa da mutane daga tsibirai, ba ya cikin wannan gasa. Farfela biyu gare shi, kuma mai taku 11 yake ɗaurawa ranar kasuwa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ɗana, ka saurari injin. In yana nishi, ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa."

Abin da kunnensa ke ji, littafin injin ya rubuta shi da lamba. Irin wannan mai doki 40 ana so ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an ba shi wuta duka, da irin kayan da aka saba ɗauka, ba da jirgi wayam ba. Rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi kusan 200. A ce da lodi ya tsaya a 4,200: ka sauko inci biyu, ya koma wajen 4,600, ya samu numfashi. In ka bar shi yana nishi, fulogi zai yi baƙi, fistin ya sha zafi, mai ya tafi a banza, ga shi tun cire tallafi a 2023 fetur ba abin wasa ba ne. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Idan hadari ya taso kuna tsakiyar ruwa, jirgin da ba ya amsa wuta da sauri ba ya juya kai ya fuskanci igiyar ruwa a kan lokaci. In takun ya yi gajarta da yawa kuma, injin ya riƙa ihu yana cin kansa.

Sai zancen ƙarfe. Ta silba, wato mara tsatsa, ta fi ƙarko, ta fi kyan gani, amma a ruwanmu ni ta alminiyum nake zaɓa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, itatuwa da duwatsu suke kwance a ƙarƙashin tafkin. Alminiyum in ya bugi kututture shi ke lanƙwashewa, ka sauya shi da kuɗi kaɗan. Ƙarfe mai tauri kan miƙa dukan ga sanda da haƙoran giya.

Kada wani ya ɗauka gajeren taku lasisin yin lodi ne. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba. Farfela tura jirgi take yi, ba ta ɗaga bakinsa daga ruwa.

Wadda aka yi wa walda kuwa ban yarda da ita ba. Fiffike ɗaya in ya fi saura nauyi, girgiza za ta cinye robar da ke tare ruwa, wata rana ka kwance man giya ka gan shi fari kamar nono. Shi ya sa a ƙarƙashin bencin baya na jirgin kawu akwai tsumma ƙulle da farfela ta biyu, da noti, da wasa, da fin guda uku, domin fin in ya suɓuce ya faɗa ruwa ba mai nutso ya nemo shi.