Ƙurar Adar a cikin kwamfuta

A Garhanga, cikin gundumar Keita, wani saurayi ya sami tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga wansa da ya dawo ci-rani daga Abijan. Wasan ƙwallo yake so, amma da an fara sai ƴan wasan su riƙa tsayawa cak, na'urar kuma ta ɗauki zafi kamar tanda. Ya ƙulle kuɗin ƙwadagon albasa, jika 30, ya nufi Tawa.

Mai gyara ya buɗe ta ya ce: "Yaro, abin da ke zana hotuna a liƙe yake, ba ya sauyuwa. Kada wani ya ci kuɗinka a kansa." Ya ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8. Faifan SSD kuwa saurin buɗewa zai ƙara, a bari sai baɗi.

Sannan ya ciro fanka. Ƙurar hunturu ta toshe ta har ta yi curi, alhali idan zafi ya yi yawa na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya hure ƙurar, ya sabunta man sanyaya. A kan wannan aiki bai karɓi ko dala ba.